Haɓo a Dawakai

Haɓo a doki shine zubar jini ta kafar hanci ɗaya ko duka biyun, kuma sau da yawa jinin ba na hancin bane, daga can ciki yake tasowa, ko daga huhu ko daga wata jijiya a cikin kai, hancin hanya ce kawai. An fi ganinsa a dawakan tsere, amma na ƙwallon dawaki ma suna yi, da duk dokin da ake sa shi sukuwa mai tsanani.

Tarihi

Masu tseren dawaki a Ingila sun daɗe da sanin abin. Akwai wani ingarma Bartlett's Childers da aka haifa wajajen 1716, wanda ko tsere ɗaya bai taɓa shiga ba saboda da ya yi gudu sai jini ya ɓalle masa, har laƙabinsa ma daga haɓon aka samo shi, sai aka ajiye shi yana barbara kawai. To abin mamaki shine tattaɓa kunnensa ne Eclipse, wanda aka haifa a 1764 kuma ba a taɓa wuce shi a tsere ba, kuma yawancin dawakan tsere na Turai da Amurka na yau ta tsatsonsa suka biyo. Sai Hermit, wanda ya yi haɓo wajen atisaye kimanin mako guda kafin gasar Derby ta Epsom a 1867, mutane suka cire rai da shi, ya zo ya cinye gasar. Duk tsawon wannan zamani an ɗauka jijiyar hanci ce ke fashewa, sai a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 da likitocin dabbobi suka fara zura siririn tiyo mai madubin leƙe cikin maƙogwaro, nan aka gane daga huhu ne. Ko ana gadonsa? Wasu bincike sun nuna haka, maganar dai bata rufu ba.

Abin da ke kawo shi

Idan doki ya kai ƙarshen gudunsa zuciyarsa na bugawa sama da sau 200 a minti, jini ya matsa wa ƙananan jijiyoyin huhu har su tsage. Yawancin dawakan tsere in aka leƙa maƙogwaronsu bayan gudu za a ga jini, kaɗan ne nasu ke fitowa ta hanci.

Wanda ya fi haɗari shine na funfuna. Doki yana da wasu jakunkunan iska biyu a bayan maƙogwaro da manyan jijiyoyi ke bi ta jikinsu, funfunar sai ta ci bangon jijiyar, dokin yana tsaye a barga bai yi komai ba ka ga ɗan jini yau, bayan kwanaki ya zo kamar an buɗe famfo, kuma yana kisa. Akwai kuma ƙari a can cikin hanci mai ɗiga ta kafa ɗaya, sai buguwa a kai, musamman in ya miƙe kan ƙafafun baya ya faɗi rigingine.

Magani

Na huhu ana yi masa allurar Lasix kamar awa 4 kafin tsere, tana sa shi fitsari sosai matsin jinin ya ragu. Amurka ta daɗe tana amfani da ita, Turai da Japan sun hana a ranar tsere, a 2021 aka yi gasar Kentucky Derby ta Amurka ba tare da ita ba. A Ostireliya dokin da ya yi haɓo ta kafa biyu sai ya huta wata 3, in ya sake an sallame shi daga tsere kenan. Na funfuna tiyata ake yi a toshe jijiyar.

A gida kuma a tsayar da shi ya natsu, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi a ƙasan idonsa, kar a cusa masa komai a hanci domin doki ba ya numfashi ta baki. In ya wuce minti 15 yana zuba a kira likita.