Yaron da soja ya samu a daji: mai laifi ne ko wanda aka zalunta?

A ce sojoji sun tarwatsa wani sansani a dajin Sambisa, suka iske yaro ɗan shekara goma sha huɗu rungume da bindiga. Tun yana ɗan shekara tara aka sace shi daga ƙauyensu. Ina za a kai shi, kuma wa za a tuhuma?

Amsar doka ita ce: babban mai laifi shi ne wanda ya ɗanƙa masa bindigar. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Manyan Laifuka ta Duniya da ke Heg, ta ce saka yaron da bai kai shekara 15 ba cikin mayaƙa laifin yaƙi ne. Hukuncin farko da kotun ta taɓa yankewa ma a kan wannan ne: a 2012 ta ɗaure Thomas Lubanga, madugun 'yan tawaye a yankin Ituri na Kongo, shekara 14. Kotun ba ta da hurumin gurfanar da wanda bai cika 18 ba lokacin da aka aikata laifin.

Afirka ta ɗaga iyakar sama da haka. Yarjejeniyarta ta haƙƙin yara ta 1990 ta hana ɗaukar duk wanda ke ƙasa da 18. Haka nan ƙarin da aka yi wa yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2000 ya ce ƙungiyar da ke ɗauke da makamai, wadda ba rundunar gwamnati ba, ba ta da izinin amfani da ɗan ƙasa da 18 ko ta halin ƙaƙa, ko da yaron ne ya kawo kansa. A Najeriya, sashe na 34 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana ɗaukar yaro aikin soja, Jihar Borno kuma ta samu tata dokar kare yara a 2022.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ake kira "yaron soja". Mutane na zaton sai mai harbi. Ƙa'idojin Paris na 2007, waɗanda ke bayanin yadda za a kare yaran da aka saka cikin mayaƙa, sun haɗa da mai girki, da ɗan dako, da ɗan aike, da mai leƙen asiri, da yarinyar da aka aurar wa mayaƙi dole. Yarinyar da ta dawo daga daji da goyo, wadda unguwa ke nunawa da baki ana cewa "matar Boko Haram", a wajen doka tana cikin waɗanda aka fi zalunta, kuma tana da haƙƙin magani da karatu da komawa cikin danginta.

Dokar ba ta ware masu kare gari ba. 'Yan Kato da Gora na Maiduguri sun taɓa shiga jerin Majalisar Ɗinkin Duniya na masu amfani da yara. A 2017 suka sa hannu kan alkawarin dainawa, suka sallami yara 833 a 2018 da wasu 894 a 2019, aka cire sunansu a 2021.

To, ina za a kai yaron namu? A da, yara irinsa sun shafe watanni a tsare a barikin sojoji na Giwa da ke Maiduguri ba tare da tuhuma ba. A watan Satumban 2022 gwamnatin Najeriya ta rattaba hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa duk yaron da aka samu a fagen daga za a miƙa shi ga hukumomin farar hula masu kula da yara cikin kwana bakwai. Nijar ta riga ta yin irin wannan tun 2017. Idan har akwai hujjar cewa yaron ya yi kisa, ana iya bincikensa, amma a tsarin shari'ar yara, kuma kulle shi ne mataki na ƙarshe.

Matsalar da ake ci karo da ita a aikace ita ce shekaru. Yaran karkara da yawa ba su da takardar haihuwa, yaro mai tsayi kuwa sai a ɗauke shi saurayi. Ƙa'idar ita ce idan an yi shakka, a ɗauke shi yaro. Shi ya sa shaidar iyaye, ko ta mai unguwa, ko ta malamin da ya koyar da shi a makarantar allo, take iya raba shi da ɗakin tsare manya.