Waiwaye: Shin tsofaffin manhajojin bankuna sun zama tsohon yayi?

A farkon watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe wuraren aiki a Amurka, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya yi wani roƙo da ya ba mutane mamaki. Bayan ma'aikatan lafiya, ya ce jihar na neman waɗanda suka iya COBOL, yaren rubuta manhaja da aka ƙirƙira tun 1959. Tsarin da ke biyan kuɗin tallafi ga waɗanda suka rasa aiki ya haura shekara 40, kuma masu neman tallafin sun yi masa yawa. Kafin kwana biyu jaridu sun yanke hukunci: tsohon yayi ne, shi ya jawo. Tun daga lokacin nake ganin an yi gaggawar yanke wannan hukunci, kuma tarihin abin ne ya sa nake ganin haka.

A 1959 kowane kamfanin ƙera kwamfuta yana da nasa yaren. Manhajar da aka rubuta wa injin wani kamfani ba ta aiki a injin wani. Ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ke sayen injuna daga kamfanoni da dama, ta gaji da biyan kuɗin aiki ɗaya sau da yawa, sai ta tara masana da kamfanoni a Pentagon a watan Mayun shekarar. Kwamitin da ya fito daga taron shi ya samar da COBOL, ya kuma ɗebo dabaru da yawa daga aikin masaniyar kwamfuta Grace Hopper. An gina yaren ne don lissafin kuɗi: albashi, ajiya, inshora, haraji. Yana riƙe kwabo da sisi daidai, ba ya yin kusan-kusan, kuma an rubuta shi yadda akanta zai iya bin sawunsa.

Abin da ya ba shi tsawon rai ya zo ne a ranar 7 ga Afrilun 1964, da kamfanin IBM ya fito da jerin manyan kwamfutoci masu suna System/360. Alkawarin da aka yi wa masu saye shi ne, in kasuwancinka ya bunƙasa ka sayi injin da ya fi girma, manhajarka za ta ci gaba da aiki ba sai ka sake rubutawa ba. An riƙe wannan alkawari har yau. Wannan ne wurin da masu cewa tsohon yayi suka fi yin tuntuɓe, domin suna zaton injin 1970 ne ke zaune a ɗakin banki yana tari. Injin sabo ne; IBM ta fitar da babbar kwamfuta mai suna z16 a 2022, ta biyo da z17 a 2025. Abin da ya tsufa shi ne rubutun da ke gudana a cikinsa, kuma rubutun nan ba bango ba ne da damina ke zaizayewa. Duk wata dokar haraji da aka sauya, duk wani kuskure da aka gano aka toshe, duk wata yarjejeniya ta musamman da aka yi da wani rukunin masu ajiya shekara 30 da suka wuce, suna cikinsa. Sau da yawa babu wata takarda da ta tattara waɗannan ƙa'idoji sai manhajar kanta.

An sha yi wa COBOL da manyan kwamfutocin nan jana'iza. A 1991 wani marubucin fasaha, Stewart Alsop, ya yi hasashen cewa za a zare wutar babbar kwamfuta ta ƙarshe ranar 15 ga Maris 1996. Ranar ta zo ta wuce. Sai kuma matsalar shekarar 2000: saboda tsadar ma'ajiyar bayanai a da, marubutan manhaja sun riƙa rubuta shekara da lamba biyu, 75 maimakon 1975, aka ji tsoron injuna za su ɗauki 00 a matsayin 1900. An kashe biliyoyin daloli, an kirawo tsofaffin ma'aikata daga ritaya. Abin lura shi ne mafi yawan kamfanoni gyara suka yi, ba sauyawa ba. Sun duba kuɗin sauyawa da haɗarinsa, suka ja da baya. Shekara 17 bayan haka, a 2017, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ƙiyasta cewa akwai layukan COBOL kusan biliyan 220 da ke aiki.

Waɗanda suka yi ƙarfin halin sauyawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Commonwealth Bank na Ostireliya ya yi nasara, amma sai da ya ci shekara biyar da fiye da dalar Ostireliya biliyan 1. Bankin TSB na Birtaniya bai yi wannan sa'a ba. A watan Afrilun 2018 ya kwashe bayanan masu ajiyarsa daga tsohon tsarin bankin Lloyds zuwa sabon tsarin da uwar kamfaninsa a lokacin, bankin Sabadell na Sifaniya, ya gina. Mutum kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu ta waya ko intanet, wasu ma suka buɗe suka tarar da bayanan asusun wani. An yi makonni ana fama. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba, asarar ta kai kimanin fam miliyan 330, sannan a Disambar 2022 hukumomin sa ido suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Tsohon tsarin da aka guda bai taɓa yi wa masu ajiya haka ba. Mu ma a Najeriya mun ga ɗan samfuri a 2024, da bankunan Sterling, Zenith da GTBank suka sauya manhajar da ke riƙe da asusun jama'a: kuɗi ya fita bai isa ba, mai POS ya zauna da na'ura a hannu, mai saye na tsaye yana jiran alat.

Ba ina cewa duk abin da ya tsufa zuma ba ne da za a yi magani da ita. A Disambar 2022 kamfanin jiragen Southwest ya soke tashi sama da 16,000 cikin 'yan kwanaki, bayan guguwar hunturu ta rikita jadawali, tsarin da ke raba wa matuƙa da ma'aikata aiki kuma ya kasa bin sawun inda kowa yake. Ƙungiyoyin ma'aikatan sun daɗe suna kuka a kan tsarin. Gwamnatin Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 140. A nan kalmar tsohon yayi ta dace: kamfani ya girma, tsarin bai girma tare da shi ba, masu iko kuma suka yi ta ɗage gyara. Haka ma rahoton ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka a 2016, da ya gano cewa wani tsarin sadarwa na rundunar makaman nukiliya na amfani da faifan filofi mai inci 8. Sai a 2019 aka rabu da shi. Kayan da an daina ƙerawa, manhajar da maƙerinta ya daina toshe mata ɓaraka, waɗannan sun cancanci sunan.

Saboda haka ni ba shekarar haihuwa nake tambaya ba. Ina tambaya: ana iya gyara shi in doka ta sauya gobe? Akwai mai ba shi kariya? Mutum nawa ne a ma'aikatar suka san cikinsa, kuma shekarunsu nawa? Tambaya ta ƙarshe ita ta fi damuna. Jami'o'i da yawa sun daina koyar da COBOL, waɗanda suka rubuta tsarin suna ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma an bar su sun tafi ba a zaunar da matasa a gefensu ba. Roƙon gwamnan New Jersey a 2020 na mutane ne, ba na injuna ba.

A 2023 IBM ta fito da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke taimakawa wajen juya COBOL zuwa yaren Java. Tana iya juya rubutu. Amma in ta ci karo da wani layi da aka saka a 1983 don wani dalili da ba a rubuta ko'ina ba, dole a nemo wanda zai ce a bar shi ko a cire, kuma a bankuna da yawa mutumin nan ya riga ya karɓi fanshonsa.