Haƙƙin mai taɓin hankali a dokar Najeriya: abin da masu kai jinya daga Maraɗi ya kamata su sani

Idan ciwon ƙwaƙwalwa ya kama mutum a Maraɗi, aka gwada rubutu da hayaƙi da ruƙiyya abin bai lafa ba, dangi da yawa sukan ɗauki hanyar Ɗan Isa su tsallaka Jibiya. Wasu Katsina suke tsayawa, wasu su zarce asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware kusa da Sakkwato. Da zarar an wuce iyaka, dokar Najeriya ce ke kan majinyacin, kuma wannan doka ta canza ba da jimawa ba.

A watan Janairun 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda majalisa ta zartar tun 2021. Ita ta maye gurbin dokar 1958, wadda asalinta ke komawa 1916, zamanin Turawan mulkin mallaka. Tsohuwar dokar tsarewa ta sa a gaba: likita da alƙali su tabbatar mutum ya taɓu, a kai shi a kulle don jama'a su huta. Maganar warkewarsa, ko jin ta bakinsa, ba ta dame ta ba.

Sabuwar ta ɗauki majinyaci a matsayin mai haƙƙi. Ba a fara masa magani sai an yi masa bayanin ciwon da maganin, ya kuma amince, muddin yana cikin halin da zai iya fahimta. Yana da ta cewa wajen tsara yadda za a yi masa jinya, kuma yana iya naɗa wanda zai wakilce shi. Wannan shi ne wurin da ya fi yi wa iyalanmu nauyi. Mun saba babban wa ko baffa ne ke magana da likita, mai ciwon yana zaune gefe kamar baƙo, an biya kuɗin mota da na magani, saboda haka a ganinmu magana ta ƙare. Doka ba ta kallon wanda ya biya. Mutumin da ke fama da ciwon damuwa, ko wanda hankalinsa ke tafiya yana dawowa, yana da ranakun da ya fi kowa sanin abin da ke damunsa, kuma a waɗannan ranakun shi ya kamata a tambaya.

Sirrinsa ma nasa ne. Abin da ya faɗa wa likita da abin da ke cikin takardunsa ba na surukai ba ne, ba na maigidansa na kasuwa ba ne. Duk wanda ya san yadda labari irin wannan ke ɓata neman aure a unguwa ya san amfanin wannan sashe.

To, idan ciwon ya yi tsanani fa, mutum yana neman illata kansa ko wani? Doka ta yarda a kwantar da shi ba da son ransa ba, amma da sharuɗɗa: likita ne zai duba ya tabbatar, an ƙayyade wa kwantarwar wa'adi, kuma akwai kwamitin da aka tanada domin sauraron ƙorafin majinyaci ko wakilinsa. Rigimar gado ko ɓacin ran iyaye ba hujja ba ce ta kulle mutum. Dokar ta hana ɗaure mai ciwo da mari, kodayake ta bar ƙofar killacewa da riƙewa a asibiti idan ta kama dole, abin da masu kare haƙƙin ɗan Adam ke suka a kai. Maganar mari ba tatsuniya ba ce: a watan Satumbar 2019 ƴan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, a watan Oktoba kuma aka sake gano irinsa a Daura.

Dokar ta kuma hana a kori ma'aikaci ko a tashi ɗan haya saboda ciwon kawai, ta kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun tallafi.

Sai dai Najeriya tarayya ce, kuma asibitocinta ba uwa ɗaya suke ba. Na Barnawa da na Kware na gwamnatin tarayya ne, wasu kuwa na jihohi ne. Jihohi na da ikon yin nasu dokokin, har Legas ta riga tarayya yin tata. Don haka abin da ke rubuce a Abuja ba lalle ya isa kowane ɗakin jinya a rana ɗaya ba, balle gidajen masu magani da ke bayan gari. A ganina mai rakiya ya tambaya tun a ranar farko: da yardar majinyaci aka kwantar da shi ko ba da ita ba, har zuwa yaushe, wane magani ake ba shi, kuma wa ake kai wa kuka.

Wannan doka ba ta aiki a Maraɗi, iyakarta Jibiya. Amma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2008, wadda ta haɗa da masu lalurar ƙwaƙwalwa, ta kuma hana azabtarwa da wulaƙanci. In za a dawo gida, a karɓi takardar sallama da sunan magungunan a rubuce, domin likitan da zai ci gaba da duba shi a nan ya san inda aka tsaya.