Musayar ilimi tsakanin ma'aikata

Musayar ilimi a wurin aiki ita ce ma'aikaci ya sanar da abokin aikinsa abin da ya sani game da aikin, ko da baki, ko a rubuce, ko ta nuna masa da hannu. Masana harkar gudanarwa sun kasa wannan ilimi kashi biyu. Akwai wanda ake iya rubutawa a saka a fayil, kamar ƙa'idar biyan albashi. Akwai kuma wanda ke zaune a hannu da ido, irin yadda majemi a Sakkwato zai murza fatar akuya ya san ko ta sha bagaruwa ko da saura. Masanin falsafa Michael Polanyi ya yi bayanin kashi na biyu a 1966, inda ya ce abin da mutum ya sani ya zarce abin da bakinsa zai iya faɗa. Wannan kashin ne ya fi wuyar samu, domin sai mai shi ya ga dama.

Me ke sa shi ya ga dama? A 1998 Thomas Davenport da Laurence Prusak sun ambaci abubuwa uku: sa ran in ka koya wa wani yau zai rama maka gobe, son a san ka da gwaninta, da jin daɗin taimako kawai. Dukkansu, in ji su, ba sa tsayuwa sai da yarda tsakanin mutane. Kuɗi kuwa bai kai yadda ake zato ba. Wani nazari da Gee-Woo Bock da abokansa suka wallafa a 2005, kan ma'aikata a Koriya ta Kudu, ya nuna cewa sa ran tukuici yana iya rage wa mutum sha'awar bayarwa. Dalilin a fili yake: in an sa wa ilimi farashi, mai shi zai fara lissafi.

A Sakkwato akwai wani dalili da ya girmi waɗannan nazarce-nazarce, wato neman lada. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta ranar Alƙiyama, sananne ne ko ga wanda bai yi zurfin karatu ba. Garin kuma ya gaji al'adar kai ilimi inda ake buƙatarsa: a ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata, tana naɗa jagororinsu mata da ake kira jaji da malfa, su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Malfar nan ta nuna abin da shugabannin ofis kan manta, cewa mai koyarwa yana son a girmama shi a gaban jama'a.

Babban abin da ke hana bayarwa shi ne tsoro. Akawun da shi kaɗai ya san inda tsofaffin fayiloli suke yana ganin ranar da wani ya sani, ranar za a daina nemansa. Ubangida a shagon gyaran mota kan riƙe sirrin sana'a don kada yaronsa ya buɗe shago kusa da nasa. Ƙaramin ma'aikaci da ya iya kwamfuta kuma yakan ja bakinsa ya yi shiru a gaban manya, gudun kada a ce masa mai rawar kai. Amy Edmondson ta nuna a 1999 cewa ma'aikata sun fi yin tambaya da faɗin kuskure inda suka tabbata ba za a kunyata su ba.

Asarar takan fito fili ne lokacin ritaya. A aikin gwamnati a Najeriya, galibi mutum yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma takardar miƙa aiki da zai bari ba ta ɗaukar komai sai abin da alƙalami ya iya rubutawa. Shi ya sa wasu ma'aikatu ke haɗa mai shirin tafiya da magajinsa su yi watanni a tebur ɗaya kafin ya tafi.