Jirgi maras matuƙi ba duk barewar da ke daji yake ƙirgawa ba

Mutane da yawa sun ɗauka idan aka tayar da jirgi maras matuƙi ɗauke da kyamarar gano zafin jiki, to duk barewa da mus, wato ƙatuwar dabbar nan dangin barewa ta dazukan Kanada da arewacin Amurka, sun shiga lissafi. Abin ba haka yake ba.

Kyamarar ba ta ratsa ganye. Zafin da ya iso gare ta kawai take karantawa. Mus ɗin da ya kwanta ƙarƙashin itatuwan da ba sa kaɗe ganye, babu shi a hoton. Shi ya sa ake fita a lokacin hunturu, bayan sauran itatuwa sun kaɗe ganye, kuma da dare ko da asuba. Rana na ɗagawa, dutse da kututture su ɗau zafi, su fito fari fat a allo kamar dabba a kwance.

Ga batir kuma, a yawancin ƙananan jiragen da ƙyar yake wuce minti 40. Dokar Amurka ta ce kada ƙaramin jirgi ya haura ƙafa 400, kuma mai sarrafa shi ya riƙa ganinsa da ido, sai dai da izini na musamman. Ina za a gama daji da wannan?

Ko jihar Minesota ta Amurka, da ke ƙirga mus da helikwafta a hunturu, yankuna kaɗan take zaɓa ta duba, sannan a ƙara lissafin dabbobin da ido ya tsallake. Adadin 8,840 da ta bayar a 2006 ƙiyasi ne aka fitar ta wannan hanya.