Waiwaye: Hanyar jami'in walwalar jama'a zuwa majalisar tarayya

A karkarar Kano da Jigawa, jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya fi yawancin 'yan siyasa sanin cikin gidajen mutane. Shi ake kai wa rikicin aure, da yaron da aka tsinta a tasha, da marayun da dangi suka riƙe wa gona. Amma da wuya ka ga irinsa a majalisar tarayya, kuma abin yana da tushe.

A da, irin wannan hidima tana hannun En'e (hukumar mulkin sarakuna) da dagatai da masu unguwanni, har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da tsarin En'e. Masu hidimar jama'a da suka fara ratsawa zuwa siyasar ƙasa galibi malaman makaranta ne. Malam Aminu Kano ya ajiye koyarwa a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU, ya shiga majalisar wakilai a 1959. A 1979 jam'iyyar PRP ta ci tsohuwar jihar Kano, gwamnanta Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. A wancan zamani jam'iyya ce ke ɗaukar ɗan takara, talaka ya yi karo-karo, sunan kirki ya wadatar a matsayin jari.

Tun 1999 lissafin ya sauya. Sharuɗɗan tsarin mulki ba su da tsauri: takardar sakandare, jam'iyyar da za ta tsayar da kai, da shekara 30, wadda gyaran 2018 ya mayar 25 ga majalisar wakilai. Ma'aikacin gwamnati kuma sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Nan ne tarkon farko. Da zarar an ga fastarsa, an daina kallonsa a matsayin mai raba gardama, alhali zaɓen fitar da gwani na zuwa watanni kafin babban zaɓe. In ya ajiye da wuri ya faɗi, ba albashi ba kujera.

Sai kuɗi. A 2022 fom ɗin takarar majalisar wakilai naira miliyan 10 ne a APC, miliyan 2.5 a PDP, kafin a zo maganar mota da fasta da sallamar jama'a.

Babbar matsalar dai a wancan zaɓe deliget ce, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, kuma ita aka fi rainawa. A 2022 APC ta yi amfani da deliget 5 daga kowace mazaɓar kansila, PDP 3. Ke nan inda mazaɓu 20 suka haɗu, mutum 100 ko 60 ne suka yanke wanda zai tsaya. Zawarawa da naƙasassun da jami'in ya yi wa hidima shekara da shekaru ba sa cikin wannan ɗaki. Wanda bai shiga zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓa ba, ya makara tun kafin a fara sayar da fom. Kujerun majalisar wakilai ma kaɗan ne: Kano 24 ga ƙananan hukumomi 44, Jigawa 11 ga 27, don haka sau da yawa sai an nemi mutanen maƙwabciyar ƙaramar hukuma da ba su taɓa ganinka ba, ga kuma rigimar karɓa-karɓa.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne mayar da rajistar masu karɓar tallafi ta zama ta kamfe. Sirrin gidaje amana ne. Ranar da mace ta ji cewa kukan da ta kai ofis ya zama hanyar neman ƙuri'arta, ta daina zuwa, kuma wanda ya gaji jami'in a ofis shi zai sha wahalar dawo da ita.

Hanyar da ta fi tabbas doguwa ce: katin jam'iyya a mazaɓarka, muƙami a shugabancin mazaɓa, kansila, sannan majalisar jiha, mai kujeru 40 a Kano da 30 a Jigawa. A nan mutum ke tara wakilan akwati amintattu, waɗanda za su tsaya a rumfa har a ƙirga ƙuri'a, su sa hannu a takardar sakamako, su karɓi kwafinsu kafin a tafi wurin tattarawa.