Kafin ɗan kasuwa ya zuba kuɗi a kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da daidaita fasahar zamani da tsarin kasuwanci?

Shi ne ɗan kasuwa ya fara sanin ta inda ribarsa ke fitowa, sannan ya nemi na'urar da za ta ƙarfafa wannan wurin. Mai sarin shinkafa da man girki a babbar kasuwar Maradi, wanda rabin jarinsa ke hannun masu karɓar kaya bashi, manhajar da za ta nuna masa wa yake bi, nawa ne, tun yaushe, ita yake buƙata. Mai kai wake Jibiya da Katsina kuwa, ribarsa tana rataye da farashin ranar da canjin naira da sefa. Kuskure ne babba su biyun su sayi abu ɗaya don kawai sun gan shi a shagon wani Alhaji.

Ai yau kowa na da waya, ta ina za ta fifita ni?

Wayar ita kaɗai ba za ta fifita ka ba. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bincika kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ke nan ribar da ake ci a da don an riga kowa jin farashi ta ragu. Abin da abokin gasarka ba zai samu a kanti ba shi ne bayanin da ka tara: wane kaya ke tafiya da azumi, wane ke kwantai da damina, wa ke biya kan lokaci. Wannan sai an jure rubutawa kullum, kuma a nan yawancinmu ke gazawa.

Wa ya kamata ya zaɓi na'urar?

Maigida da kansa, tare da yaran shago da za su riƙa aiki da ita. Masanin kwamfuta shawara ce tasa.

Idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke fa?

Mun gani a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar. A zaɓi manhajar da ke aiki a waya ko babu intanet, a tanadi sola, a kuma ajiye kwafin lissafin bashi a wani wuri dabam.